GTA Da Ire-irensa: Shin Ya Dace Ka Bar Ƙanenka Ya Buga Gem Ɗin Manya?



Kwanakin baya na bar wayata a caji na fita sallar Magariba. Da na dawo sai na tarar da ƙanena ɗan shekara takwas ya duƙufa a kan GTA San Andreas, yana bin mutane da mota yana takewa yana dariya. Na ce masa, "Kai, me suka yi maka?" Ya ce, "Yaya, ai kuɗi ne ke faɗowa idan sun mutu." Ban iya yi masa faɗa ba, domin wayar tawa ce, gem ɗin ni na saka, kuma ni na bar ta babu makulli.

Na san da yawa daga cikinmu haka muke. A gidajenmu ba Baba ko Mama ke da wayar da ke ɗauke da gem ba, yaya ne ko anti. Saboda haka wannan magana tamu ce kafin ta zama ta iyaye.

Me lambar 18+ take nufi?

Wasu suna zaton lambar nan ta wahalar gem ce, wai idan yaro ya iya bugawa to shi ke nan. Ba haka ba ne. Lambar tana magana ne a kan abin da ke cikin gem ɗin: jini, zagi, ƙwaya, caca da batsa.

Asalin abin daga Amurka ne. A shekarar 1993 majalisar dattawan ƙasar ta yi zama a kan wasanni irin su Mortal Kombat saboda yawan jinin da ake nunawa. Ganin gwamnati na shirin sa hannu, sai kamfanonin gem suka kafa hukumar ESRB a 1994. Ita ke sa harafin E ga wasan kowa da kowa, T ga 'yan shekara 13 zuwa sama, M kuma ga 'yan 17 zuwa sama. A Turai akwai PEGI tun 2003, mai amfani da lambobi 3, 7, 12, 16 da 18.

A Play Store kuwa, mai manhaja ne ke amsa jerin tambayoyi kafin a yarda ya ɗora aikinsa. Ni kaina na cike su: akwai faɗa? Ana ganin jini? Masu amfani suna iya hira da juna? Ana sayen wani abu da kuɗi a ciki? Daga amsoshin ne tsarin IARC ke fitar da lambar da kake gani a ƙasan sunan manhajar. Wato wanda ya haɗa gem ɗin da kansa ya shaida cewa ba na yara ba ne.

GTA San Andreas da GTA V duk M ne a Amurka, 18 ne a Turai. Ba harbi kaɗai ke ciki ba. Akwai fataucin ƙwaya, ashar mai nauyi da gidajen rawar tsiraici, kuma a GTA V akwai wani mataki da sai kai mai bugawa ka azabtar da mutum ɗaure a kujera kafin labarin ya ci gaba.

To, gem yana mayar da yaro ɗan daba?

A nan ya kamata mu faɗi gaskiya, ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Masana ba su tabbatar da haka ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, APA, ta ce a 2015 akwai alaƙa tsakanin wasannin faɗa da ƙaruwar zafin rai da raguwar tausayi, amma babu isasshiyar hujjar cewa suna kai mutum ga aikata babban laifi. A 2020 ta sake jaddada cewa hujjar danganta su da kisa ko ta'addanci ba ta isa ba. Wani bincike da masanin jami'ar Oxford Andrew Przybylski da abokiyar aikinsa Netta Weinstein suka fitar a 2019, a kan matasa kimanin 1,000 a Birtaniya, bai gano alaƙa tsakanin buga irin waɗannan wasanni da halin faɗa ba. Kotun ƙolin Amurka ma a 2011 ta soke dokar jihar Kalifoniya da ta hana sayar wa yara wasannin, kuma daga cikin dalilanta akwai raunin hujjar cutarwa.

Amma lura da abu ɗaya: matasan binciken Oxford 'yan shekara 14 da 15 ne. Ɗan shekara bakwai daban yake. Shi bai gama rarrabe wasa da gaske ba, kuma da kwaikwayo yake koyon rayuwa. Kai idan ka buga GTA ka san ba'a ake yi wa rayuwar Amurka. Shi abin da ya gani kawai shi ne: ka doki mutum, kuɗi ya faɗo, ka gudu wa 'yan sanda, ka ci nasara.

Don haka tambayar ba ita ce "zai zama mai kisa?" ba. Tambayar ita ce: da fim ne mai ɗauke da waɗannan abubuwa, za ka zauna ka kalla tare da shi a falo, Mama tana gefe? Idan amsar a'a ce, to gem ma haka, har ya fi, tunda a gem da hannunsa yake aikatawa.

Abin da lambar ba ta faɗa maka

Wasannin da ake bugawa ta intanet irin su Free Fire, PUBG Mobile da Call of Duty Mobile suna da wata matsala da ta wuce harbi. Ta farko ita ce makirufo. Yaro yana shiga tawaga da mutanen da bai sani ba daga ko'ina a duniya, yana jin zaginsu, wani ma ya nemi lambar WhatsApp ɗinsa. Babu hukumar da ke iya tantance abin da baƙo zai faɗa.

Ta biyu kuɗi. Lu'ulu'un Free Fire, UC na PUBG da CP na Call of Duty duk da kuɗin gaske ake saye. Idan katin bankinka yana haɗe da Play Store babu kalmar sirri, dannawa biyu ta isa a kwashe maka kuɗin data na wata guda. Akwai kuma akwatunan sa'a, inda kake biya ba tare da sanin abin da zai fito ba. Ƙasar Beljiyam ta ɗauki irin waɗannan a matsayin caca tun 2018.

Ta uku lokaci. Mu masu haɗa manhaja mun san dabarun da ake sawa don mutum ya riƙa dawowa: kyautar kullum, matakin da ke zubewa idan ka daina bugawa, tayin da ke ƙarewa cikin awa kaɗan. Babba ma da ƙyar yake tsira, balle yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem a jerin cututtuka a 2019, wato idan ta kai mutum ya fifita gem a kan karatu, barci da mu'amala da mutane na tsawon lokaci, yawanci wata 12.

Inda tamu matsalar take

Duk wannan tsari na lambobi an gina shi ne da tunanin cewa daga kanti ko Play Store za ka samo gem. Mu kuwa ta Xender muke turawa juna, ko mu ba masu tura fina-finai a kasuwa su cika mana memori. Fayil ɗin APK ba ya tambayar shekarun kowa. Haka wasannin PPSSPP: God of War da GTA Vice City Stories da yara ke rububi duk M ne, amma babu inda yaro zai ga alamar. A gidan gem na unguwa ma, mai shago kuɗinsa yake karɓa, ba ruwansa da shekaru.

Ma'ana, a wajenmu babu wani mai gadi sai mai wayar.

Matakan da za ka ɗauka yau

1. Ka sa iyaka a Play Store. Danna hotonka a sama, ka shiga Settings, sai Family, sai Parental controls. Ka sa lambar sirri, ka zaɓi iyakar shekaru. Sai dai wannan ba ya taɓa abin da ka riga ka sauke.

2. Ka kulle wasanninka na manya. Yawancin wayoyin Tecno, Infinix da Redmi suna da App Lock a cikinsu.

3. Idan za ka ara masa wayar, ka yi amfani da App pinning, wanda ke maƙale shi a manhaja ɗaya har sai ka buɗe da kanka. Ka rubuta sunan a wajen bincike na Settings za ka same shi.

4. Idan yana da tasa wayar, ka saka Google Family Link. Da shi za ka ƙayyade awannin amfani, ka amince ko ka ƙi kowace manhaja, kuma ka toshe saka APK daga waje. Masu iPhone suna da Screen Time.

5. Ka sa Play Store ya riƙa neman kalmar sirri kafin kowace sayayya.

6. Ka ba shi madadi. Idan ka ƙwace kawai, gidan maƙwabta zai tafi. Wasannin ƙwallo, tseren mota da Minecraft suna da daɗi, kuma za ku iya bugawa tare.

Shawarata a taƙaice: yaron da bai kai 13 ba, babu shi babu gem mai 16+ ko 18+. Wanda ya haura haka, a duba hankalinsa, a kashe masa makirufo da baƙi, a sa masa lokaci.

Ni dai abin da na yi shi ne na zaunar da ƙanena na nuna masa lambar 18 ɗin, na ce masa waɗanda suka haɗa gem ɗin ne da kansu suka rubuta. Ya yi fushi kwana biyu. Yanzu kullum bayan Isha'i muna buga ƙwallo wasa uku, kuma ya fara cin na. Abu mafi wuya shi ne ni ma dole na daina buga GTA a gabansa, domin yaro ba ya bin abin da ka ce, abin da ya ga kana yi yake bi.

Kai wane gem ƙannenka suke bugawa a wayarka? Ka duba lambarsa yau kafin ka sake miƙa musu.