3.4 Suturar Ma'aikata a Ofisoshin Gwarzo da Kabo

Kafin gyaran tsarin ƙananan hukumomi na shekarar 1976, ma'aikatan En'e a wannan yanki daga fada suke ɗaukar salon sutura, wato babbar riga da rawani ga hakimi da dagatai, riga da hula kuma ga malaman ofis. Bayan rushe En'e sai kaftani da wando da hula suka zama suturar yau da kullum a sakatariya, domin sun fi sauƙin ɗinki da wanki, kuma ba su hana hawa babur. Babbar riga ta koma ta shugabanni, ko ta ranar Juma'a.

Abin lura a nan shi ne, al'ada ce ke tsare wannan tsari fiye da takarda. Ma'aikacin da ya zauna ofis kai ba hula, komai ƙwarewarsa, manoman da suka zo neman taki sukan ɗauke shi yaro, su wuce shi su nemi “babba”. Ta fuskar mata kuwa, hijabi ya ƙara rinjayar gyale bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Kano a shekarar 2000, har ma'aikatan jinya sukan ɗora shi a kan yunifom.