Jinkirin da Ake Ɗora wa Netwok

Kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis tana tara fataken shanu, raƙuma da tumaki daga Gumel, Gagarawa, Sule Tankarkar da tsallaken iyakar Nijar, kuma tun bayan ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, ciniki da yawa ya koma ta taransifa da na'urar POS. Idan kuɗi suka maƙale akan ce babu netwok, alhali wani lokaci saƙon ya isa lafiya, tsaikon yana can cikin rumbun bayanai, wato manhajar da ke adana sunaye, lambobin asusu da shige da ficen kuɗi.

Duk tambayar da aka aika wa rumbu, kamar ta sanin abin da ya rage a wani asusu, sai ya nemo amsarta, kuma in ba shi da fihirisa tilas ya bi layuka ɗaya bayan ɗaya, kamar dillalin da ke laluben sunan mai bashi tun daga shafin farko na littafi. Fihirisa, wadda galibi ake ginawa bisa tsarin B-tree da Rudolf Bayer da Edward McCreight suka fito da shi a 1970, tana jera bayanai rassa-rassa, ta yadda taki uku ko huɗu kan isa a kai ga suna guda cikin miliyoyi. Sai dai duk sabon ciniki sai an sabunta ta, saboda haka yawanta kan nauyaya shigar da bayanai.

Wannan ya sa awo ya kamata ya riga gyara. Rumbunan bayanai irin su PostgreSQL da MySQL suna iya ajiye jerin tambayoyin da suka daɗe, umarnin EXPLAIN kuma yana nuna hanyar da rumbu zai bi ya amsa, a nan ne akan gano cewa 'yan tambayoyi ƙalilan ke cinye lokacin. Matsakaicin lissafi yana ɓoye wahala, domin idan tambaya 99 cikin 100 sun dawo nan take, ta ɗarin tana iya zama ta bafatake da ke riƙe da igiyar sa, yana jiran alat ga la'asar ta yi. Dole injiniya ya auna mafi jinkirin amsoshi, kuma ya auna su a sa'ar cunkoso irin ta tsakar ranar Alhamis.