Koya wa Ƙananan Yara Tamola a Ƙasar Haɗeja

Wanda ya zaga makarantun firamare na ƙasar Haɗeja da la'asar, daga Auyo har Kirikasamma da Guri, sau da yawa abin da zai tarar shi ne taron yara, ƙwallo ɗaya, malami kuwa yana tsaye da tsumagiya yana jera su sahu. Kafin layi ya zagayo kan ɗan shekara bakwai rana ta faɗi, bai taɓa ƙwallon ba sai sau biyu. Kashegari ba za a gan shi ba, ya bi 'yan su zuwa kogi.

To, malamai, ga shawara. A raba yaran huɗu-huɗu, kowace ƙungiya biyu da ɗan filinsu, taku ashirin ya isa, takalma su zama gola. In ƙwallon kanti ya yi tsada, na tsumma ma ya wadatar, muddin kowa zai buga. A fara da langa, wadda duk sun iya, gama tana ƙarfafa ƙafa. Kada a wuce minti 30, a ajiye tulun ruwa a inuwa, balle da bazara. In ambaliya ta ci filin, kamar ta 2022, a koma kan tudu, kada wasa ya tsaya. Yaro ya yi kuskure, a bar shi ya sāke, ban da tsawa.

Sau biyar Nijeriya tana cin kofin duniya na samari, na fari a ƙasar Sin a 1985. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da lallashi, in ba haka ba ya karye. Allah ya sa mu lura, amin.