Sauya Tanki da Madgad na Babur: Aikin da Ke Ƙarƙashin Fenti

Tankin mai da madgad, wato murfin nan mai lanƙwasa da ke saman kowace taya yana tare laka da ruwa, su ne sassan babur da ido ke fara sauka a kansu, don haka su ne mai babur ke fara taɓawa idan ya so abin hawansa ya fita daban. A biranen arewacin Nijeriya, inda baburan Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue suka cika tituna kuma kamfanoni ke fito da su cikin launuka kaɗan, sauya waɗannan sassa da waɗanda aka yi wa fenti na musamman ado ne, kuma alama ce da ke sa mutum ya gane nasa a cikin ɗaruruwan da aka jera a bakin kasuwa. Al'adar ta yi ƙarfi a Amurka bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da mahaya suka riƙa cire madgad na gaba suna datse na baya don rage nauyi, sannan fim ɗin Easy Rider na 1969 ya yaɗa hoton tanki mai zanen tutar ƙasar. A nan gida kuwa, al'ummar da ta saba yi wa doki kwalliyar hawan Sallah ba ta buƙaci darasi daga waje kafin ta ƙawata babur ba.

Sai dai tanki ya wuce mazubi kawai. A yawancin ƙananan babura mai yana gangarowa ne da nauyinsa, daga tanki ya bi ta famfon mai da tiyo zuwa kafireto, wurin da ake cakuɗa shi da iska kafin ya shiga inji, kuma wannan gangarowa ba ta yiwuwa sai iska ta shiga tankin ta wata 'yar ƙofa da ke jikin murfinsa ta maye gurbin man da ya fita. Idan fenti ya toshe ƙofar, babur zai tashi lafiya, ya yi 'yar tafiya, sannan ya mutu kamar mai ya ƙare, kuma sau da yawa akan wahalar da bakanike da kwance kafireto alhali matsalar tana murfi. Haka nan wajibi ne sabon tanki ya zauna daidai a kan robobin da ke raba shi da ƙarfen babur, domin tankin da aka ɗaure ƙarfe kan ƙarfe yana tsagewa a wurin walda saboda girgiza, musamman a hanyoyin karkara. Wanda ya sayi tanki na hannu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya kamata ya haska cikinsa da tocila kafin ya biya, saboda fenti mai sheƙi yana iya lulluɓe tankin da tsatsa ta cinye daga ciki, kuma garin tsatsar shi ne zai toshe hanyar mai daga baya.

Wurin da haɗari ya fi yawa shi ne kwancewa da gyara. Ana rufe famfon mai, a cire wayar batir, a juye man cikin jarka a fili nesa da wuta da taba, kuma inji ya huce tukuna. Tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari a gaban mai walda, domin tururin fetur da ya gauraya da iska shi ke fashewa, kuma ɗauraya ɗaya da ruwa ba ta kawar da shi. Wannan batu ne na rai, bai kamata gaggawar mai babur ta sa a yi sakaci da shi ba.

Ingancin fenti kuwa yana farawa ne tun kafin a zuba launi. Ana kankare tsohon fenti da samfefa har a kai ga ƙarfe inda akwai tsatsa, a cike lotsawa da bodi fila, wani ƙullu da ke daskarewa a goge shi ya yi sumul, sannan a fesa fentin shimfiɗa wanda ke riƙe launi yana kare ƙarfe. Bayan launi da zane sai a rufe da ruwan sheƙi marar launi, kuma a nan ne ake gane aikin gwani. Fentin gwangwani na fesawa, wanda ke bushewa da iska kawai, yana laushi ya yi tabo idan fetur ya zuba masa, abin da ba makawa sai ya faru a bakin tanki. Wanda ke jurewa shi ne mai haɗi biyu, wato wanda ake cakuɗawa da sinadarin daskarwa dab da fesawa, sai dai tururinsa yana cutar da huhu, ƙyallen da yaran gareji ke ɗaurawa a hanci kuma ba ya tare shi. Yanayi ma yana da tasiri, domin ƙurar hunturu tana mannewa a ɗanyen fenti, laimar damina kuma tana dushe sheƙinsa. Madgad na roba yana buƙatar shimfiɗa ta daban, in ba haka ba fentin ya riƙa ɓarewa.

Ɗaura madgad ya fi sauƙi, amma yana buƙatar a bar tazara tsakaninsa da taya yadda ba za su haɗu ba ko da an ɗora kaya ko an faɗa rami, kuma datse shi don ado yana jefa laka kan inji da bayan fasinja. Na baya shi ne yakan ɗauki fitila da lambar babur, saboda haka dole a mayar da wayoyinsa inda taya ba za ta goge su ba. Tun da takardun rajista suna ɗauke da launin abin hawa, wanda ya mayar da jan babur shuɗi yana buƙatar zuwa ofishin lasisi a gyara takardunsa, domin saɓanin launi yana cikin abubuwan da ke sa jami'an tsaro zargin babur na sata ne a shingen bincike.