Man Bilicin: Abin da Ke Cikin Kwalba

Jama'a, a kasuwannin Nguru da Gashuwa ana sayar da mayukan shafawa masu hasken fata, da yawansu an rubuta a jikin kwalbar cewa akwai abutin a ciki. Abutin sinadari ne da ake samu a ganyen wasu tsirrai, ana kuma haɗa shi a masana'anta. Aikinsa shi ne rage melanin, wato abin da ke ba fata launinta, yake kuma kare ta daga zafin rana.

Ga abin lura. Abutin haidurokwinon ne da aka ɗaura wa sukari. In ba a tace shi sosai ba, ragowar haidurokwinon kan zauna a cikinsa. Haka kuma in man ya daɗe cikin zafi, ɗaurin kan warware, haidurokwinon ya ƙaru. A arewacin Jihar Yobe kuwa zafin bazara kan wuce digiri 40, kaya kuma na yini a rana a bakin rumfa.

Wanda ya daɗe yana shafa haidurokwinon, fatarsa kan yi baƙin tabo mai wuyar magani, galibi a kumatu da goshi. Saboda haka ƙasashen Tarayyar Turai suka hana sa shi cikin man shafawa tun 2001. A Nijeriya, dokar Hukumar NAFDAC ta 2019 ta hana man da ke da fiye da kashi 2 cikin 100 nasa, ta kuma hana zaiba gaba ɗaya.

Zaiba ta fi muni. Masu haɗa mai a ɓoye kan zuba ta, ba sa rubutawa. Tana ratsa fata ta lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma isa ga jariri ta ciki da ta nono. Gashuwa da kewayenta sun daɗe suna fama da ciwon ƙoda, bai kamata a ƙara wa ƙoda wani nauyi ba.

Don haka a kiyaye:

1. Kada a sayi man da ba shi da lambar NAFDAC, ko haɗin gida marar suna.
2. In mai ya rikiɗe ya yi ruwan ƙasa, a zubar da shi.
3. Kada a shafa wa yara.
4. Wanda ya ga tabo, ko kumburin ƙafa, ko kumfa a fitsari, ya daina shafawa, ya tafi asibiti da kwalbar a hannu.

Wanda ya karanta, ya sanar da iyalinsa da maƙwabta.