Allon kwamfuta: farashi ko inganci?

Allon kwamfuta, wato monita, na daga cikin kayan aikin masu shagunan buga takardu da rajistar jarrabawa a Rano da Kibiya. Galibi daga Kano ake sayo shi, musamman a titin Beirut, inda ake samun sabo da na hannu.

Farashi ya dogara ne kan girma da kaifin hoto. Allo mai inci 22, mai ƙwayoyin hoto 1920 sau 1080, ya isa aikin rubutu da lissafi. Samfurin IPS ya fi TN tsada, amma launinsa ba ya dusashewa idan an kalle shi ta gefe.

Cin wuta ma abin dubawa ne. Allon LED bai kai tsohon mai ƙeya jan lantarki ba, don haka ya fi dacewa da mai sola ko janareta.

Kafin biya, akan kunna allon a duba fari da baƙi don gano tabo ko layi, a tabbatar mahaɗinsa, VGA ko HDMI, ya dace da kwamfutar, sannan a nemi garanti a rubuce. Araha ba ta ado, amma tsada kaɗai ba ta tabbatar da inganci.