Daga Akun Imam zuwa Mujiyar Lasky: Wa Ke Ba Yaran Gindin Zuma Labari da Dare?

Kowace safiyar ranar aiki, tun kafin gari ya gama wayewa, motocin ma'aikata kan jeru daga Suleja da Madalla, su wuce ta gefen Dutsen Zuma, su bi ta Zuba da Dei-Dei da Kubwa har zuwa Sakatariyar Tarayya. Tsadar haya a tsakiyar Abuja ce ta zaunar da da yawa daga cikinsu a Jihar Neja, hanyar kuwa tana karɓar nata harajin a lokaci. Uba ko uwa kan bar gida yara suna barci, a dawo bayan isha'i a tarar idanunsu sun yi nauyi. Sa'ar nan ta bayan cin abincin dare, wadda a dā ita ce ta tatsuniya, yanzu wayar hannu da talabijin ne ke rabonta.

Ta waɗannan kafofi ne wata baƙuwa ta samu shiga ɗakin yara, baƙuwar da Bahaushe bai taɓa yi wa shimfiɗa ba: mujiya. A fina-finai da littattafan yara na Turai da Amurka, ita ce malama, ita ce jaruma, wani lokaci ma ita ce 'yar aike, kamar farar mujiyar nan Hedwig ta labarin Harry Potter. Yaron da ya kalli wannan da yamma, idan ya ji kukanta a bayan gida da tsakar dare, zai ga manya suna neman tsari. Tsakanin waɗannan hotuna biyu akwai tambayar da ta cancanci amsa daga iyaye.

Labarin Soren

Jerin littattafan da ya fi ɗaukaka mujiya shi ne Guardians of Ga'Hoole, na marubuciyar Amurka Kathryn Lasky, wadda aka haifa a 1944. Kamfanin Scholastic ya fitar da na farko, The Capture, a 2003. Zuwa 2008 sun kai 15, aka ƙara na 16 a 2013. A 2010 Zack Snyder ya ba da umarnin fim ɗin zane da aka ciro daga littattafai ukun farko. Asalin niyyar Lasky ita ce ta rubuta littafin ilimi kan rayuwar mujiya, mijinta Christopher Knight ya ɗauki hotunan. Da wahalar ɗaukar hoton tsuntsuwar dare mai gudun mutane ta bayyana, sai ta juya binciken da ta tara ya zama ƙagaggen labari. Shi ya sa, duk da tsuntsayen suna magana suna yaƙi, yadda suke farauta da yadda gashinsu ke tsirowa ba a ƙirƙire su ba.

Jarumin labarin, Soren, ɗan tsako ne da yayansa Kludd ya turo daga sheƙa tun bai iya tashi ba. Wasu suka tsince shi suka kai shi wani wuri da ake kira makarantar marayu, alhali gidan bauta ne. A can ana karɓe wa kowane tsako sunansa a ba shi lamba, an haramta yin tambaya, kuma ana tilasta musu kwana a ƙarƙashin hasken cikakken wata har tunaninsu ya dushe, su manta ko su waye. Abin da ya tsirar da Soren da ƙawarsa Gylfie shi ne maimaita tsofaffin labaran da mahaifin Soren ya saba ba su a gida. Da suka kuɓuta, sai suka nufi wata babbar bishiya a tsibiri, inda wata ƙungiyar mujiyoyi ke zaune da ɗakin karatu da malamai, suna koyon sanin yanayi da taurari da ceton waɗanda suka ɓata. Abokan gabarsu kuwa wata ƙungiya ce da ke da'awar cewa jinsinta ya fi na kowa tsarki, kuma Kludd ne ya zama jagoranta.

A nan ne sirrin karɓuwar littattafan a wajen iyali yake. Yaro yana bin tashi da faɗa da abota. Babba kuwa yana ganin hassadar 'yan'uwa, da satar yara, da wankin ƙwaƙwalwa, da ƙabilanci. Iyayen Jihar Neja, waɗanda ba su manta da ɗaliban da aka sace a Kagara da Tegina a 2021 ba, ba sa buƙatar a fassara musu tsoron da ke cikin babi na farko. Saƙon da ke ƙasan labarin ma nasu ne: abin da aka zuba wa yaro a kunne a gida, shi ne guzurinsa ranar da ya tsinci kansa shi kaɗai.

Sai dai akwai hattara. An rubuta littattafan ne don 'yan shekara 8 zuwa 12, kuma akwai yaƙi da kisa a cikinsu, suna ƙara nauyi yayin da jerin ke tafiya. Ba irin waɗanda za a miƙa wa ɗan shekara shida a juya baya ba ne.

Tsuntsuwar da aka tsana

A ƙasar Hausa mujiya, ko duji, ba ta da farin jini. Kukanta a kan rufin gida ana ɗaukarsa sanarwar mutuwa, wasu kuma na danganta ta da maita. Harshen kansa ya adana wannan ƙiyayya: idan aka ce an mayar da mutum mujiya, ana nufin kowa ya tsane shi, ba mai son haɗa hanya da shi. Yara kan jefe ta da zarar ta kuskura ta fito da rana.

Ba ko'ina haka take ba. Tsoffin Girkawa sun riƙe ta alamar hikima, har mutanen Atina suka buga hotonta a kuɗinsu na azurfa. Larabawan jahiliyya kuwa, kamar Hausawa, sun camfa ta, kuma akwai hadisi a Bukhari da Muslim da ya kore camfi da tsuntsaye, inda malamai da dama suka fassara ɗaya daga cikin kalmominsa da mujiya. Ke nan uban da ya ce wa ɗansa kukan mujiya ba ya kashe kowa bai ari ra'ayin Turawa ba.

Ilimin halittu ma yana gefenta. Farar mujiya mai faffaɗar fuska, wadda ke sheƙa a silin da tsofaffin gine-gine, irin Soren ce, kuma tana cikin tsuntsayen da suka fi yaɗuwa a duniya. Fuskarta kamar faranti take, tana tattara sauti zuwa kunnuwa biyu da ba su daidaita a tsayi ba, abin da ke ba ta damar gano inda ɓera yake ko da cikin baƙin duhu. Gefen fukafukanta yana da laushin da ke kashe ƙarar iska. Idanunta ba sa juyawa a gurbinsu, don haka take juya kai har digiri 270, da taimakon ƙasusuwan wuya 14, ninki biyu na na ɗan Adam. Duk abin da ke ba mutane tsoro game da ita, kayan aikin farauta ne.

Abincinta kuwa galibi ɓeraye ne. Manoman kwakwar manja a Malesiya da manoman kwarin Urdun sun daɗe suna kafa mata akwatunan sheƙa a gonaki don rage amfani da guba. A ƙasar da ɓera ke cin hatsi a rumbu, yake kuma ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, kashe mai cin ɓera asara ce tsantsa. Ƙauna ma tana da nata haɗarin: a 2010 ministan muhalli na Indiya, Jairam Ramesh, ya koka cewa sha'awar Harry Potter na sa iyaye saya wa yara mujiya daga hannun masu kama ta. Darasin shi ne a bar ta inda take, ba jifa, ba keji.

Akun da ya riga ta

Tsuntsu mai magana da hikima ba sabon abu ba ne ga mai karatun Hausa, kuma wanda ya kawo shi ɗan wannan yanki ne. An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911. Bayan Ruwan Bagaja ya yi fice a gasar rubutu ta 1933, sai Rupert East ya gayyace shi Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku da suka fara fitowa a 1937. A na farko, aku ne ke tsare Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labarai dare bayan dare, don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri yayin da mahaifinsa ke fagen yaƙi. A na biyu akun ya kara da wani aku, Haziƙ, a gasar ba da labari. A na uku ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana.

Kamancin a bayyane yake. A wajen Imam da Lasky duka, uba ba ya nan, haɗari yana kusa, kuma labari ne ke tsare yaron. Haka nan Imam bai ji kunyar aro ba: ya ɗebo daga Alfu Laila wa Laila da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya, ya sa musu riga da rawani har mai karatu ba ya jin baƙuntarsu. Bayansa Ahmadu Ingawa ya rubuta Iliya Ɗan Maiƙarfi, Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya, Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni. Daga cikin ma'aikatan tarayya ma an samu misali: Dokta Bukar Usman, wanda ya yi ritaya yana babban sakatare, ya ba da shekarunsa na bayan aiki ga tattara tatsuniyoyi, ciki har da Taskar Tatsuniyoyi.

Abin da ya yi ƙaranci shi ne dogon jerin labari na yara da Hausa, mai jarumi ɗaya da yaro zai girma tare da shi, yana ɗokin fitowar na gaba. Adabin kasuwar Kano ya nuna cewa akwai masu sayen littafi kashi-kashi, amma ya fi karkata ga matasa da manya. Ba kayan gini aka rasa ba. Suleja kaɗai ta ishi marubuci: garin da sarakunan Zazzau na Haɓe suka kafa bayan jihadi ya fitar da su daga Zariya, wanda Abu Ja ya ba shi sunansa, ya kuma sallama sunan ga sabon babban birni bayan 1976, ya koma amsa na Sarki Sulaiman Barau. Ga dutsen da ke bayan tsohuwar takardar naira 100, da fuskar mutum da ake gani a jikinsa, da labaran da Gbagyi da Koro da Hausawa suka gada game da shi. Ga tukwanen Ladi Kwali, ta jikin naira 20, cike da zanen ƙadangare da kifi da tsuntsaye.

Minti ashirin

Batun ya ƙara nauyi saboda makaranta ba za ta ɗauke wa gida wannan aiki ba. A Nuwambar 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a shekarun firamare shida, sai ga shi a Nuwambar 2025 ma'aikatar ilimi ta sanar da janye tsarin da komawa ga Turanci. Yaron ma'aikaci da ke makarantar kuɗi yana iya kammala firamare yana jin Hausa, yana yin ta, amma bai taɓa karanta shafi ɗaya da ita ba, bai san bambancin ƙ da k a rubuce ba.

Maganin bai buƙaci kasafin kuɗi ba. Minti ashirin sun isa babi guda, ranar da cunkoso ya cinye su kuma Asabar da Lahadi suna nan. Yaro ya karanta babin Soren da Turanci, sannan a nemi ya maimaita wa ƙannensa ko kakarsa da Hausa. Nan take za a ga inda ya fahimta da inda kalma ta ƙare masa. Kashegari uwa ko uba ya ɗauki Magana Jari Ce, ya tsaya daidai inda labari ya yi daɗi, kamar yadda akun kan riƙe Musa har asuba. Ma'aikacin da aiki ya kai shi wata jiha yana iya naɗar murya ya turo ta WhatsApp. Littafi guda kuma yana iya zaga gida biyar a unguwa ɗaya idan maƙwabta suka yi karo-karo.

Tambayoyi za su biyo baya, kuma su ne ribar. Me ya sa Kludd ya tsani ƙaninsa? Me ya sa aka hana tsakin nan yin tambaya? Da gaske ne mujiya mayya ce? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amsar da yaro ya samu a kan tabarmar gidansu kuma ita ce za ta yanke ko hannunsa zai kai ga dutse ranar da ya ga farar fuska tana leƙowa daga silin.